Darasin aikin Hajji yana cikin PowerPoint, ta yaya zan mai da shi bidiyon da iyayenmu mata za su iya buɗewa a waya?

Malamar Aboabo:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa, ina neman wanda ya san kan kwamfuta ya taimaka mini, lokaci yana neman ƙure mini.

Ni malama ce a wata makarantar matan aure a Aboabo, nan Kumasi. Duk shekara idan Azumi ya wuce nakan tara maniyyatan unguwarmu mata mu yi bitar aikin Hajji, Asabar da Lahadi bayan La'asar. Yawancinsu dattawa ne, waɗansu sun haura shekara 60. Akwai wadda 'ya'yanta na Jamus suka biya wa kujera, akwai wadda kuɗinta na koko da ƙosai ne, ta yi shekaru tana zuba su a adashi. Mace irin wannan ba ta sa ran komawa karo na biyu. Shi ya sa nake so kowacce ta hau jirgi, ko ta Tamale ko ta Ankara, wato Accra, aikin yana zaune daram a kanta.

Ɗan ƙanena ne ya koya mini PowerPoint, na tsara darasin duka a shafi 42. Akwai shafin ɗaura harami da abubuwan da aka hana mai harami. Akwai zanen Ka'aba da na sa wa kibiya, don su ga daga Hajarul Aswad ake farawa, Ɗakin yana hagun mai ɗawafi, zagaye 7. Akwai Safa da Marwa, sannan kowace rana da shafinta: 8 ga wata a Mina, 9 a Arfa, kwanan Muzdalifa, ranar 10 jifa da hadaya da rage gashi, sai kwanakin jifan da suka biyo baya. Talbiyya da addu'o'i na rubuta su da Larabci da wasullansu, a ƙarƙashi na sa fassarar Hausa da boko. Idan na haska da majigi a bangon aji abin gwanin sha'awa. Wata Hajiya da ta je tun da daɗewa ta ce da ta ga wannan zanen kafin tafiyarta, da ba ta rikice da ƙirga a Marwa ba.

Matsalar tana gida. Da an tashi sai su kewaye ni: "Malama, sa mana a waya mu riƙa maimaitawa." Na tura fayil ɗin a rukuninmu na WhatsApp yadda yake. Waɗansu ya ƙi buɗe musu sam. Wadda ya buɗe wa ta kawo mini wayar, na ga Larabcin ya wargaje. Wasulla sun bar kan baƙaƙensu, layin talbiyya ya karye ya hau kan hoton da ke ƙasa, ƙ da ɗ na Hausar kuma sun koma 'yan akwatuna. Wannan ne ya fi tayar mini da hankali, don addu'a ce, kuma a gaban Ɗakin Allah za a karanta ta.

Ko da ma ya fito daidai, kusan rabinsu ba sa karanta boko, Larabcin ma sai da gilashi, a hankali. Murya suke so. Suna so su ajiye wayar a gefen tabarma suna tsince shinkafa, su ji ni ina faɗa, idan sun ɗaga kai su ga hoton wurin da nake magana a kai.

Ɗan ƙanen nawa kafin ya koma makaranta ya gwada mai da shi bidiyo. Ya fito, amma babu murya, shafukan suna wucewa tun mutum bai kai ƙarshen layin farko ba, nauyinsa kuma ya sa da yawa suka ce datarsu ba za ta ɗauka ba.

To ga tambayoyina. Yaya zan ɗora muryata a kan kowane shafi ya zama bidiyo, ba tare da fuskata ta fito ba? Yaya zai yi sauƙi har mai sayen datar sidi 5 ta iya saukewa? Masu ƙaramar waya mai maɓalli fa, akwai abin da za a yi musu? Laftop ɗina Windows ce, PowerPoint ɗin na 2019 ne. Allah ya saka wa duk wanda ya amsa da alheri.

Ɗan Adum:

Wa alaikumus salam Mma Malama. Allah ya ba da lada. Gyaran waya da kwamfuta nake yi a Adum, irin wannan aikin kuma na sha yi wa malamai, bari in bi da ke daki-daki.

Ga abin da ya wargaza Larabcin. Fayil ɗin PowerPoint ba hoto ba ne, umarni ne. Yana gaya wa duk na'urar da ta buɗe shi ta rubuta kaza, da salon haruffa kaza, a wuri kaza. Salon haruffan da kika zaɓa yana cikin laftop ɗinki, babu shi a wayar Hajiya. Sai wayar ta ɗauko wanda take da shi ta musanya. Faɗinsu ba ɗaya ba, shi ne layi ya karye, wasali ya goce, harafin da babu shi a can ya zama akwati. Bidiyo ba ya haka, domin laftop ɗinki ce za ta zana kowane shafi da kanta. Abin da idonki ya gani shi kowa zai gani.

Yanzu murya. Ki buɗe darasin, ki hau Slide Show a sama, ki danna Record Slide Show, ki zaɓi farawa daga shafin farko. Wani baƙin allo zai buɗe. Kafin ki taɓa komai ki duba kusurwar dama ta ƙasa, akwai alamar makirufo da ta kyamara. Ki danna ta kyamara ta mutu, shi ke nan fuskarki ba za ta shiga ba. Sai ki danna jan maɓallin da ke sama ta hagu, zai ƙirga 3, 2, 1, ki fara magana kamar kina gaban aji. Iya tsawon da kika yi a kan shafi, iya tsawon da zai tsaya a bidiyon ke nan. Na ɗan ƙanenki yana gudu ne saboda bai ɗauki murya ba, idan kuwa ba a ɗauka ba daƙiƙa 5 PowerPoint yake ba kowane shafi.

Lokacin da shafi yake juyawa zuwa na gaba ba ya ɗaukar magana, wannan ki riƙe shi da kyau. Ki gama jimlarki, ki yi shiru, ki juya, ki ja numfashi, sannan ki ci gaba. In ba haka ba za ki ji "Labbaika" ta fito babu farkonta. Daɗin abin kuma, muryar kowane shafi a kan shafin take zaune ita kaɗai. Idan tari ya kama ki a shafi na 17, ko mai Pragya, keken nan mai ƙafa uku, ya danna hon a ƙofar gida, ba sai kin koma farko ba. Ki je shafin, ki zaɓi ɗauka daga inda kike, ki sake shi, ki tsayar kafin ki juya.

A ƙasan baƙin allon nan akwai alƙalami. Duk abin da kika zana da shi kina magana zai fito a bidiyon yana tafiya tare da muryarki. A zanen Ka'aba ki ɗora shi a Hajarul Aswad ki zagaya kina ƙirgawa da baki. A Safa da Marwa ki ja layi, zuwa ɗaya, dawowa biyu, har ki ƙare na 7 a Marwa. A ganina wannan zai fi kibiyar aiki nesa ba kusa ba.

Makirufon jikin laftop yana kwaso ƙarar fankar cikinta. Iyafis ɗin waya mai igiya ya fi shi. Ki kashe fankar ɗaki, ki zauna inda akwai katifa da labule don kada muryar ta yi amsa-kuwwa. Aboabo kuwa kin fi ni saninta, bayan Asuba kafin gari ya waye ne kawai za ki samu shiru.

Idan kin gama ki adana, sannan ki bi File, Export, Create a Video. Akwatin farko na ingancin hoto ne: 4K, 1080p, 720p da 480p. Shi da kansa a kan 1080p yake tsayawa, ina jin da shi yaron ya fitar. 1080p ɗigo 1920 ne a kwance, 1080 a tsaye, wato sama da ɗigo miliyan 2 a kowane hoto. 480p kuwa 852 ne da 480, bai kai rabin miliyan ba, kusan kashi ɗaya cikin biyar na wancan. In dai rubutunki manya ne, a fuskar waya ba za a ga bambancin da ya kai kuɗin data ba. Akwati na biyu ki tabbatar yana kan Use Recorded Timings and Narrations, a nan muryar take. Ki adana shi a MP4, ki bar WMV, wayoyi da yawa ba sa buɗe shi. Zai ɗauki lokaci, za ki ga ɗan layi yana cika a can ƙasa. Laftop ta kasance cike da caji, don idan aka ɗauke wuta ta mutu a tsakiya sai an sake fitarwar daga farko.

Adon juyin shafi, irin mai walƙiya da mai naɗewa, ki cire su duka, nauyi kawai suke ƙarawa. Idan kuma kin saka wani bidiyon YouTube a ciki ta hanyar linki, ba zai shiga ba. Idan duk da haka ya yi nauyi akwai manhajar HandBrake, kyauta ce, ki jefa bidiyon ciki ki zaɓi Fast 480p30, za ta ƙara matse shi.

Wajen turawa, idan kika tura shi a matsayin bidiyo WhatsApp zai sake matse shi, wasulla za su iya dusashewa. Ki tura shi ta Document, zai isa yadda yake, kuma har gigabait 2 yana ɗauka.

Fayil ɗin PowerPoint kuwa ki daina rabawa. Shi ƙullu ne, a gida ake ajiye shi, ƙosan da aka soya ake miƙa wa mutane. Ki sa kwafinsa a filash ki adana, baɗi da shi za ki yi gyara.

Uwar Biyu, Nima:

Yaya Malama sannu da ƙoƙari. Ɗan Adum ya faɗi komai na kwamfuta, amma a maganar Document ban yarda da shi ba. Mmana ta je bara, ni na shirya mata waya, na ga yadda take amfani da ita. Duk abin da bai nuna hoto a fuska ba, ba ta taɓa shi. Document yana zuwa ne da ɗan farin akwati da suna a jiki, ita kuwa ba ta karanta sunan. Gara ki tura a matsayin bidiyo, ki danna HD da ke sama kafin ki tura, ya ɗan rage kyau amma ta gan shi ta gane shi.

Mafi sauƙi ma kada ki sa su sauke. Ai suna zuwa aji Asabar da Lahadi. Ki sa bidiyon a wayarki, ki samu 'yan mata biyu su zauna a baya da Xender, manhajar nan ta tura abu daga waya zuwa waya ba da data ba, su zuba wa kowa, ko kwabo ba za a kashe ba. Kuma su buɗe wajen hotunan wayar su nuna wa kowace Hajiya inda yake. Wannan yana da muhimmanci, don a can ba kowace ce za ta samu intanet ba. Mmana sai da ta kwana biyu a Madina kafin a sa mata layi.

Kada ki yi shi bidiyo ɗaya dogo. Tsohuwa tana tantin Mina tana neman yadda ake jifa, ba za ta iya jan layin bidiyon minti 50 tana lalube ba. Ki raba: harami daban, ɗawafi daban, sa'ayi daban, Arfa daban. Shafin farko na kowanne ki ba shi launinsa da ƙatuwar lamba da hoto guda, don shi ne zai fito a fuska. Sai ki ce musu a aji kore na ɗawafi ne, ja na jifa ne. Launi ba ya ɓace musu.

Addu'a kuma ki karanta gaɓa-gaɓa, ki bar shiru bayan kowace gaɓa daidai yadda mai maimaitawa za ta faɗa a bayanki. Wanda na samo wa Mma a lokacin mai karatun yana da daɗin murya, amma yana zubawa ne ba tsayawa, sai ta riƙa danna tsayarwa tana rasa inda take.

Mai Buga Takardu, Asawase:

Malama, Allah ya karɓa. Ni na girmi masu amsar nan, aikina buga takardu ne, kuma zan yi maganar takarda ko da an ce zamaninta ya wuce. Ranar Arfa mutum yana waje tun hantsi, wurin caji kuwa kowa yana rububinsa. Wayar tsohuwa takan mutu kafin La'asar, a daidai lokacin da ta fi bukatar addu'ar. Don haka bayan bidiyo ki fitar da PDF na shafukan addu'a kaɗai. Hanyar ɗaya ce, File, Export, sai ki zaɓi PDF. Shi yana tafiya da haruffansa a cikinsa, Larabcin ba ya motsi ko a wace waya ko a wane shagon bugu. Murya da zanen alƙalami mai motsi ne kawai ba sa shiga. Wajen bugawa a sa shafi 2 a kowace takarda, a yanka, a rufe da leda mai zafi, a huda kusurwa a zura igiya ta rataya a wuya tare da katin shaidarta. Idan hotuna sun sa fayil ɗin nauyi, ki danna hoto guda ki nemi Compress Pictures, ki cire alamar da ta ce wannan hoton kaɗai, ki zaɓi 150 ppi.

Akwai abin da matasa ba sa lura da shi. Iyayen nan da yawa a makarantar allo suka yi karatu, da rubutun Warshu. A can fa ɗigonta ɗaya a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Rubutun kwamfuta na gabas ne, fa ɗigo ɗaya a sama, ƙaf ɗigo biyu. Wadda ta saba da allo tana ganin fa ɗin kwamfuta sai ta karanta ƙaf. Akwai salon haruffa na kyauta da ake kira Alkalami, wanda aka zana a kan irin rubutun hannun Kano, da wani Harmattan da aka yi domin ajamin Afirka ta Yamma. Amma ni abin da nake yi wa masu kawo mini irin wannan aikin ya fi sauƙi. A samu alaramma mai kyan hannu ya rubuta addu'ar da tawada a farar takarda, a ɗauki hotonta a wuri mai haske, a saka a shafin a matsayin hoto. Hoto ba ya wargajewa, kuma rubutun da idonsu ya sani ne tun suna yara.

Sai abu mafi nauyi a wurina. Bidiyo idan ya fita ya fita. Yau yana rukuninku na Aboabo, jibi yana Tamale, mako mai zuwa yana wayar wata a Kano wadda ba ta taɓa jin sunanki ba. Ko kin goge naki, wanda aka tura gaba yana nan. Saboda haka kafin ki danna fitarwa ki zaunar da malami ya saurari kowane shafi, ya duba kowane wasali. A shafin farko ki rubuta sunan makarantarku da shekarar, ki kuma faɗa da baki. Hukuncin ɗawafi ba ya canzawa, amma maganar masauki da mota da nauyin kaya takan canza daga shekara zuwa shekara, ki ware ta a bidiyonta daban don kada a riƙa yawo da tsohon bayani. Idan kuma akwai hoton ɗalibanki a ciki, ki cire, ko ki nemi izininsu ɗaya bayan ɗaya.

Ɗalibar jami'ar KNUST, Kumasi:

Mma Malama, ni kan masu ƙaramar waya zan yi magana. Bayan kin ɗauki murya za ki ga 'yar alamar lasifika a kusurwar kowane shafi. Idan kika danna ta da maɓallin dama akwai Save Media As, zai ba ki muryar shafin ita kaɗai. Sai dai a M4A take fita, ƙananan wayoyi kuma ba duka ke karanta shi ba. Abin da ya fi shi ne ki ɗauki bidiyon da kika gama ki buɗe manhajar VLC a laftop, ki shiga Media, Convert, ki zaɓi MP3. Zai cire hoton ya bar murya. Ki sa wa kowanne lamba a farkon suna, 01, 02, 03, don su jeru a memori yadda aikin yake jere. Tunda waɗannan ba za su ga hoto ba, lokacin ɗauka ki guji cewa "nan" da "can", ki ce kusurwar Hajarul Aswad, ki ce dutsen Safa.

Ga masu karanta wannan da ba su da laftop: PowerPoint na waya ba ya fitar da bidiyo. Google Slides ma wajen saukewa PDF da PowerPoint da hoto yake bayarwa, babu MP4. Mu a makaranta mukan kunna shafukan a waya mu ɗauki fuskar wayar da makirufo a buɗe. Yana yi, amma idan ka yi kuskure a tsakiya sai ka koma farko, kuma saƙon da ya shigo lokacin yana iya fitowa a ciki.

'Ya'yansu da ke waje kuma ki sa musu a Google Drive ki ba su linki, gigabait 15 ne kyauta. Ta imel ɗin Gmail ba zai wuce megabait 25 ba.

Malamar Aboabo:

Allah ya yi muku albarka gaba ɗaya. Na dawo da labari.

Ɗana na Adum, na bi abin da ka faɗa, kyamarar ta mutu kamar yadda ka ce, hankalina ya kwanta. Na gama na harami da na ɗawafi. Alƙalamin nan kuwa, ranar Lahadi da na haska na ɗawafi a aji, jan layin yana zagaya Ka'aba muryata tana ƙirgawa, sai na ji su a bayana suna ƙirgawa tare da ni, har wadda ba ta cika magana ba ta ɗaga yatsu tana lanƙwasawa. Da aka kai na 7 ta ce a sake.

Na gwada shafin talbiyya a 480p da 720p na duba a wayata. A 480p shadda da ɗauri sun ɗan haɗe, don haka na addu'o'i a 720p zan fitar, sauran a 480p. Na ɗawafin minti 6 ne, bai kai megabait 20 ba. Na kuma ƙara girman rubutun, na raba duk shafin da ya wuce layi 3 gida biyu.

Ƙanwata ta Nima, shawararki na ɗauka a kan turawa, ɗana na Adum ya yi haƙuri. Jikokin Hajiyoyin ne suka zauna da Xender, kafin Magariba kowace mai babbar waya ta samu. Launin ma ya yi aiki, yanzu ba sa cewa bidiyon harami, fari suke cewa.

Baba na Asawase, maganar fa da ƙaf ta tsaya mini a rai. Na kira uku daga cikin 'yan makarantar allo na nuna musu rubutun kwamfuta, biyu sun yi tuntuɓe a daidai inda ka faɗa. Limamin masallacinmu yana da kyan hannu, ya karɓi takardun zai rubuta, shi ne kuma zai saurari muryar kafin in fitar da sauran. Akwai hotuna biyu na ranar da muka lulluɓe tebur da baƙin zane muka gwada ɗawafi a tsakar makaranta, na cire su. Bayanin kaya da masauki na ware shi gefe, sai hukumar alhazai ta fitar da na bana sannan in ɗauka. Katunan wuya guda 26 nake bukata, nawa za ka yi mini kowanne da ledarsa da igiya?

'Yata ta jami'a, MP3 ɗin ya fito, amma da na sa a ƙaramar wayar wata Hajiya muryar ta yi ƙasa sosai, sai ta kara a kunne take ji. A babbar waya kuma lafiya lau. Akwai yadda ake ɗaga ta, ko sai na sake ɗauka?

Ɗan Adum:

Ba sai kin sake ba Mma. Akwai manhajar Audacity, ita ma kyauta ce. A buɗe MP3 ɗin a ciki, a zaɓe shi duka, a shiga Effect a nemi Amplify, ita da kanta za ta nuna iya inda za a ɗaga muryar ba tare da ta fashe ba, sai a sake fitarwa. Idan akwai tari ko bugun tebur mai ƙarfi a ciki a fara yanke shi, don shi ne yake hana sauran ɗaguwa. Ki haɗa fayilolin a filash ki ba yaro ya kawo mini shago tare da ƙananan wayoyin da memorinsu, in yi in gwada a kowace waya kafin ya koma. Ranar Juma'a ina rufewa daga ƙarfe 12 zuwa 2.